Birkin Man Gyaɗa

Ranar da shuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Montreal zai yi zuwansa na ƙarshe, wata tsohuwa ta kafe sai an kai ta tasha.

"Mama, ke da ko sunan jirgin nan ba kya son ji?" in ji 'yarta.

"Ke dai ɗauko min sandata."

Shekara talatin mijinta ya yi yana sassaƙa wa jirgin birkin katako, yana jiƙa shi a man gyaɗa don kada zafi ya ƙona shi. Kullum ya dawo sai ta tare shi a ƙofa: "Tuɓe rigar nan, kamar wanda ya kwana a kasko." Da ya rasu, sai da ta wanke tufafinsa tas kafin ta gane ɓarnar da ta yi: babu sauran ƙamshinsa a jikinsu.

Jirgin ya sulalo kan tayoyinsa na roba, ya taka birki. Ƙamshin soyayyar gyaɗa ya taso da ɗuminsa.

"Mu shiga, Mama, zai tashi."

Tsohuwar ta lumshe ido, ta ja dogon numfashi.

"Shiga ke. Ni babanki na zo tarya."