Shunin Dahome

Shekarar da aka sauke tutar Turawa, Arzika ya dawo Bagudo daga jami'a, inda yake binciken rinin da zai sha hasken rana ya ba da lantarki. Shunin gidan su Tasallah ne ya dace da aikin, amma mahaifinta ya rantse ba zai koya wa kowa haɗinsa ba sai suruki. Sai Arzika ya shiga neman aurenta.

Ta tarbe shi a bakin marina, tana ɓoye hannuwanta da shuni ya rina cikin mayafi.

"Malam, Baba ya yarda. Ya ce a turo magabata."

Arzika bai zauna a tabarmar da ta shimfiɗa masa ba. Ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu, ya kwance. Shuni ne, sak irin nasu.

"Jiya na ƙetara Dahome. Wata tsohuwa ta koya mini haɗin, ko goro ba ta karɓa ba."

Tasallah ta dubi ƙullin, ta dubi fuskarsa.

"To, ni fa?"

Ya ɗaure tsumman a hankali, kada ko ƙwaya ta zube.

"Ki gaida Baba. Ki ce mishi na hutar da shi."