Zobe da Jar Riga

Kemoya tana cire takalmin gudu a filin jami'arsu na Valencia sai Odane, saurayinta tun daga Jamaika, ya durƙusa da zobe. Ba zoben ta kalla ba, jar rigarsa ta kalla, mai tutar Sifaniya a ƙirji.

"Sun ba ni takardar zama ɗan ƙasa," ya ce yana sosa ƙeya. "Ki aure ni, ke ma ki yi musu gudu."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Kakarka akuyarta ta sayar ta saya maka takalmin farko. Ranar da ka zo na ɗaya, taken wace ƙasa za ta miƙe ta rera?"

Ta ture hannunsa mai zoben gefe.

"Tashi, Bature. Kana ɓata musu kaya."