Ba a Same Shi Ba

Karo na uku ke nan takarda mai lamba arba'in da ɗaya ta dawo teburin Akawu da rubutu iri ɗaya a ƙasanta: ba a same shi ba.

Dokar gidan marasa matsuguni ce, kuma ba Akawu ya kafa ta ba. Ba a ba mutum gado don kawai ya zo taga ya ce a titi yake kwana. Sai ma'aikacin dubawa ya je da asuba ya gan shi kwance da idonsa, ya sa hannu. Shi mai dubawar ba a ba shi sunan mai neman gadon, lamba ce kawai da kwatancen wuri, wai don kada a yi son kai. Wanda ya tsara wannan bai taɓa kwana a kan kwali ba, ko ba a faɗa ba.

Masu dubawa biyu ne. Namijin ya faɗi a babur ya karye, yana gida. Saura macen, wadda kowa ke ce wa Mai Tocila, mace mai kaifi ɗaya. Tana fita da asuba, ta ajiye takardu ƙarfe tara, ta tafi abinta. Ɗakunan kwanan ma ba ta leƙa su, don suna wani gini can nesa da ofis.

Mai lamba arba'in da ɗaya dattijo ne. Rigarsa ɗaya, amma kullum a wanke take. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ya naɗe ta da tsumma, ga tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ƙarfe goma daidai yake zuwa taga, bai taɓa yin sammako ba. Ya gaisa, ya roƙi a sa masa 'yar wayarsa a caji, wai akwai mai kiransa da yamma kuma ba ya so a ji ta a kashe. Daga nan sai ya tambayi jikin mai dubawar da ya karye.

A makon nan gado ɗaya ya samu. Manaja ta ce za a riƙe wa dattijon zuwa sha biyun ranar Alhamis. In takarda ba ta cika ba, a ba na bayansa, don mutum goma sha huɗu ne a layi.

"Baba, tsakaninka da Allah, a ƙarƙashin gadar da ka kwatanta kake kwana?" in ji Akawu.

"A nan nake kwana, ɗana."

"To me ya sa ba a ganinka?"

Dattijon ya juya wayarsa a hannu. Can ya tambaya ko namijin zai dawo aiki kafin Alhamis. Akawu ya ji ransa ya ɓaci. Wato shi ma irin tsofaffin nan ne da ba za su yarda mace ta tsaya a kansu tana haske su ba, ko da ƙafa za ta ruɓe. Ya faɗa masa gaskiya: ba mai zuwa sai macen, in ya ga dama ya kwanta ya jira ta.

Washegari ya tare Mai Tocila, har yana zarginta da rashin zuwa wurin. Ta ce sau uku tana zuwa. Kwalin na nan a shimfiɗe bayan ginshiƙi na biyu, da bargo, da kofin roba. Ta taɓa kwalin ta ji shi da ɗumi, ta yi sallama, ta jira har gari ya waye, ba kowa. Akawu ya sassauta murya ya roƙe ta ta sa hannu hakanan, tunda dai ta ga wurin kwanan. Ta tuna masa cewa wadda ta yi haka bara korarta aka yi.

"Ko ubana ne, sai na gan shi da idona," ta ce, ta rataya jakarta.

Ranar Laraba aka wuni ana ruwa. Dattijon bai zo taga ba. Akawu ya yi ta duban ƙofa har aka tashi, tausayi da haushi duk sun cika shi.

Ranar Alhamis ƙarfe tara ta yi, Mai Tocila ba ta dawo ba. Goma ta wuce. Mai lamba arba'in da biyu ya riga ya zauna a benci da ƙullin kayansa a cinya, yana ta kallon agogon bango, ba ya ko ɓoyewa. Manaja ta leƙo sau biyu.

Sha ɗaya da rabi ta shigo, siket ɗinta duk laka har gwiwa, ba tocila a hannunta. Ta ajiye takardar. An same shi, da sa hannunta. Akawu ya yi hamdala ya jawo makullin ɗakin da gadon yake, sai ta ce ya ba na benci. Yau dattijon bai tashi ya ɓuya ba, kuma kwalin ya daɗe da yin sanyi. An riga an ɗauke gawarsa a mota.

Akawu ya zauna. Da ƙyar ya ce sai a fara cigiyar dangi, ga shi mutumin bai taɓa ba da sunan kowa ba.

"Ba sai an yi cigiya ba," in ji Mai Tocila. "Shekara biyu yana ce mini yana gadi a wani gari, har ɗaki an ba shi. Babana ne, ni yake ɓoye wa."