Motar Baturiya

Sha'aban yana cikin wata kasuwar kayan lantarki a unguwar Tianhe, a ƙasar Sin, lokacin da Alhaji Tankari ya bugo daga Kano. A shekarar 2008, duk dillalin da ke Guangzhou ya san wanda Alhaji ya yarda da shi ya warke, don kwantenoninsa ba sa yankewa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Sha'aban kuwa shekara biyu yana bin sa da gaisuwa.

"Mota mai ɗaki nake so, da esi da sola," in ji Alhaji. "Baturiya zan kai gona, can ba wuta. Daga Holan na kawo ta, zafi wahalar da ita yake, ga ta da ciki. Ƙofa mai faɗi, a yi mata gangare, daɓen ya zama mai wankuwa. Ka yi daidai, kayana duka sun dawo hannunka."

Sha'aban ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Tambayoyi fal bakinsa, amma wane mara kunya ne zai tsare babban mutum da tambaya a kan iyalinsa? Ya haɗiye. A ransa dai ya jinjina wa tsohon.

Sati shida ya tare a wata masana'anta a bayan gari. Ya sa aka shimfiɗa faranten sola takwas a rufi, aka jera batura a ƙarƙashi. Suka kunna esi da tsakar rana, sai sanyin ya riƙa zurarewa. Laoban, wato mai masana'antar, ya nuna ƙatuwar ƙofar ya ce, "Meyo." Ba sanyi ke nan muddin tana nan.

Dama ƙofar ta tsaya wa Sha'aban a rai. Alhaji akwai kuɗi, amma ƙauyanci bai sake shi ba. Matar da ta taso a Turai za a yi wa ƙofa kamar ta sito? Ya sa aka tsuke ta, aka cire gangaren aka sa matakala uku masu kyau. Ya ƙara kafet, gado mai laushi, labule ruwan hoda da madubi. Sanyi ya zauna har laoban yana atishawa. Sha'aban ya ji daɗi ƙwarai, har ya fara tambayar hayar ofis.

Bayan wata biyu da tura motar Kano, waya ta shigo. Alhaji bai ko amsa sallama ba.

"Kai Sha'aban, wa ya ce ka taɓa min ƙofa? Tun safe Baturiya na tsaye a rana tana haki. Mutum shida sun tura, ta ƙi shiga."

"Ranka ya daɗe, ko a kama hannun Hajiya a hankali..."

"Wace Hajiya? A ina ka taɓa ganin saniya ta hau matakala?"