Taron Haya a Tsohon Titi

Mai Zare ya ɗaga ƙofar shagonsa, ƙararta ta karaɗe titin, amma babu wanda ya waiwayo, don babu kowa. Hagu da dama shaguna ne a garƙame, tsatsa ta cinye kwaɗunansu. Tun da aka gina katafaren kanti a bakin gari mai takalma ya tashi, mai littattafai ya bi shi, har mai shayi ya kwashe bencunansa. Shi kaɗai ya rage a tsakiyar birnin, da zarensa da allurai da kwalaben maɓalli.

Matarsa ta rasu, ɗansa tilo yana wata ƙasa, sai waya jefi-jefi. Wani yinin, in ban da kyanwar da ke kwana a tagar tsohon banki, ba ya samun wanda zai ce wa sannu.

Rannan wata ma'aikaciyar hukumar raya birni ta shigo da fara'arta. Ta ce za a gyara fitilun titi, a rage kuɗin haya, kuma manyan 'yan kasuwa za su riƙa zuwa duba wurin ko za su buɗe rassa. Ta roƙe shi ya yi wa ƙofarsa fenti. Ya ce kunnensa ya ƙoshi da alkawari, amma dai ya yi fentin.

Ba a jima ba sai ga mutane. Samari da 'yan mata ne, kowa riƙe da jaka ruwan ɗorawa, suna kai da komo suna raha. Su shigo su taɓa zare, su tambayi farashi, su fita. Can kuma ma'aikaciyar ta wuce da wasu masu manyan motoci tana nuna musu gine-gine. Ciniki bai ƙaru ba, amma Mai Zare bai damu ba. Ko ba a saya ba, ai an yi masa sallama.

A cikin wannan hada-hadar wata dattijuwa ta shigo, rataye da tsohuwar jakar fata da aka ɗaure hannunta da waya. Maɓalli ɗaya ta ɗora a tebur, na rigar marigayi mijinta, tana neman ɗan'uwansa. Ya juye kwalba guda a faranti, suka yi ta tono har rana ta yi sanyi. Ba a dace ba. Washegari ta dawo, jibi ma haka.

Ya kakkaɓe kujerar da matarsa ke zama ya ba ta. Suna tono suna hira: ciwon gwiwarta, hazon idonsa, 'ya'yan zamani da ke kiran waya kamar ana korarsu. Takan tsokane shi cewa wasu maɓallan nan sun girme shi, shi kuma ya ce ai shi ya sa shi da su suke shiri. Ya koma gyara gemu kullum da safe. Bai taɓa tambayar sunanta ko unguwarsu ba, gani yake akwai lokaci. Ranar da ya tsinci ɗan'uwan maɓallin ma, a aljihu ya ɓoye shi, kada neman ya ƙare.

Wata rana da yamma ya rufe da wuri, ya bi ta lungun bayan shaguna. Nan ya tarar da doguwar mota a tsaye, samarin da 'yan matan nan sun yi layi suna mayar da jakunkunansu. Ɗaya ta faɗi, babu komai a ciki sai dunƙulen tsofaffin jaridu. Ma'aikaciyar tana gaya musu gobe ce rana ta ƙarshe, su ƙara sakin fuska, 'yan kasuwar sun kusa sa hannu.

Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Ashe duk sallamar nan ta haya ce. Sai dattijuwar ta faɗo masa a rai. Lallai sun iya shiri, in ji zuciyarsa, har tsohuwa suka samo don abin ya yi kama da gaske.

Da ta zo washegari bai miƙa mata kujera ba. Ya zaro maɓallin ya tura mata.

"Ga shi nan, baiwar Allah. Wasa ya ƙare. Je ki karɓi ladanki, ki gaya musu kin iya aiki, tsohon banza ya yarda."

Ta dube shi, ta dubi maɓallin.  Ta biya, ta gyara mayafinta, ta fita tana ɗingishi. Ba ta sake dawowa ba.

Dabarar hukuma kuwa ta ci. Kantin magani ya buɗe, sai na waya, sai gidan burodi. Masu saye na gaske suka cika titin, har teloli suka dawo neman zare. Mai Zare yana ciniki, amma kujerar tana nan inda take, ba ya bari kowa ya zauna.

Ma'aikaciyar ta zo yi masa godiya. Ya ce mata ya ga motar, ya ga jaridun, kuma ya yafe, tunda titi ya farfaɗo. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

"'Yata, yaran nan ba komai. Amma ku ɗauko dattijuwa haya ta zo ta zauna da wanda ba shi da kowa, wannan ba ku kyauta ba."

Ta dube shi da mamaki.

"Mai tsohuwar jakar nan, Baba? Ai mu ɗalibai kawai muka ɗauka. Ita kam duk mun zaci matarka ce."