Hannun da Ke Cikin Aljihu

Auta ta sami saurayinta a shagonsa na gyaran keke, ya duƙufa kan wata taya. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Baba ya ce a bar maganar aurenmu."

Ya ɗago kai a hankali. "Saboda hannun?"

"Wane hannu? Ya gan shi ne? Cewa ya yi hagu ka miƙa masa, na dama yana aljihu kamar wani isasshe. Wai wanda bai iya gaida manya ba, ba zai riƙe masa 'ya ba."

Tun yana ƙarami ruwan zafi ya ƙona masa hannun dama. Da ciwon ya warke, tabon ya tattare fatar, ya naɗe yatsun cikin tafi, ba su sake miƙewa ba. Ko yanzu, tana kallo, sai da ya tura shi ƙarƙashin tsumma.

"Ba na son ya ji tausayina," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"To ka huta, bai ji ba. Haushinka yake ji."

Ta fizge tsumman ta yar. Hannun ya fito fili, da baƙin mai tsakanin yatsu. Ta zuba masa ido, ba ta kau da kai ba.

"Gobe ka koma, ka miƙa masa wannan. In ya ƙi, ka bar ni da shi. Amma in ka sake cusa shi a aljihu, ba Baba ne zai ƙi ka ba."