Muryar Anti Katumi

Jamilatu ta ɗora tabarau a ƙarshen hanci, ta tsuke baki kamar mai tsotsar tsamiya, ta ce da muryar jami'in shige da fice, "Ba mu gamsu cewa wannan matar ce ta haife ki ba." Matan da ke zaɓen doya a shagon Mma Anatu da ke Deptford a Landan suka fashe da dariya. Anatu ta ci gaba da awon gari, ba ta ɗago ba.

Maganar ba ta dariya ba ce. A shekarar 1988 Jamilatu ta baro Kumasi tana da shekara goma sha shida, bayan rasuwar kakarta. Anatu ce ta goya ta har ta shiga makaranta, kafin ita Anatun ta biyo ƙanwarta Katumi Landan, su biyun suka samu izinin zama. Yanzu jami'ai sun ce takardun yarinyar, masu nuna Anatu ce uwarta, ba su yi musu ba. In ba a nuna uwa mai izinin zama ba, jirgi zai mayar da ita gidan da babu kowa cikinsa sai 'yan haya.

Lauya Ephraim ne ya kawo labarin sabon gwaji. Ya ce a ɗigon jini ake karanta ƙwayoyin halittar mutum, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma jami'an sun fara yarda da shi. "Ko tsakanin uwa da 'yar'uwarta yana bambancewa," in ji shi. Mudun garin ya kuɓuce daga hannun Anatu.

"A ɗiba," in ji Jamilatu. "In suna so su zo da bokiti."

Katumi ce ta ƙi. "Inji bai taɓa goya yaro ba. Babu Baturen da zai leƙa kwalba ya gaya mana uwa."

Jamilatu ba ta yi mamaki ba. Tun da ta sauka Landan, matar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Amma sunan Yusif da Amamata, 'ya'yan da ta haifa a Barking, har ƙarshen kasuwa ana jin sa, su kuma su amsa mata da Turanci. In Jamilatu ta shiga kicin, Katumi ta fita. In sun haɗa ido, ta kau da kai. Abin da ke sanyaya wa yarinyar rai shi ne kwanon wake da shinkafa da take tararwa a rufe kullum in ta dawo, da tsoka mafi girma a sama. Sai ta gode wa Mma, Mma ta ce "uhm".

Ramuwarta kwaikwayo ce. Mai wa'azin cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai kifin bakin titi, shi kansa lauya da tarinsa, duk sai ta gwada su a gaban madubi kafin su zauna. Muryar Katumi kaɗai ta zo mata ba gwaji. Ta taɓa ɗaga waya da ita, mijin Katumi ya gama ba ta saƙon cefane bai gane ba.

Ranar gwaji ta zo, Anatu ta ce tana ramakon azumi. Aka sa wata ranar, ta ce kanta na ciwo, aka yi cancel. Jamilatu ta san wadda ke zuga ta. Sai ta shiga akwatin waya na bakin kasuwa, ta ari muryar Anatu har da nishinta, ta yi booking da kanta.

Da ta faɗa musu, Katumi ta miƙe tsaye. Jamilatu ma ta miƙe, ta riƙe ƙugu da hannun hagu kamar yadda Katumi ta riƙe.

"So kike a kore ni, Anti, kuma ba inda zan je. Sunana Jamilatu. Faɗi mana, ba zai ƙona miki harshe ba."

Katumi ta juya wajen Anatu. "Yaya, ki ce wa 'yarki ta rage baki."

Da safen ranar gwajin Katumi ta biyo su asibiti, wai jaka za ta riƙe. Nas ɗin 'yar Jos ce, sunanta Kaneng, ta gaishe su da Hausa. Jamilatu ta fara zama. Ta miƙa hannu ba ta ko runtse ido ba, tana kallon Katumi har kwalbar ta cika.

"Saura uwar yarinya," in ji Kaneng.

Anatu ba ta tashi ba. Ta damƙe bakin mayafinta. Jamilatu ta ce, "Mma, allura ce kawai," ta miƙa hannu za ta ɗaga ta. Anatu ta riƙe hannun, ta ƙi saki, ta ƙi tashi.

"Ke ce uwarta, Yaya, ko inji ya ƙi ko ya so," in ji Katumi. "Jini kawai suke nema."

Ta ajiye jakar, ta zauna a kujerar, ta naɗe hannun riga. Kaneng ta ɗauki biro ta tambaye ta sunan 'yarta don ta rubuta a jikin kwalba. Katumi ta juya fuska ga bango ta ce, "Tambayi yayata. Mu ba ma kiran sunan 'yar fari."